Takardar albashi a ajin manya masu koyon Turanci a Amurka

Malam: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau za mu tattauna yadda ake koya wa manya masu koyon Turanci a Amurka karanta takardar da ke rakiyar albashinsu, musamman 'yan'uwanmu 'yan Ghana da Nijar da ke zaune a unguwar Bronx ta birnin New York. Hajiya, daga ina ya kamata malami ya fara?

Hajiya: Ni dai, Malam, ba na goyon bayan a fara da haddar kalmomi. Wanda ya wuni yana ɗawainiya a wurin aiki ya san yawan sa'o'in da ya yi, kuma ya iya lissafin kuɗi ko da bai iya karatu ba, don haka daga abin da ya sani za a kama. A nuna masa gurbin sa'o'i da gurbin ladan kowace sa'a, ya ninka da kansa, sannan ya nemo wannan adadin a kan takardar.

Malam: To, ba mu misali da alƙaluma.

Hajiya: A ce ladansa dala 20 ne a sa'a, ya kuma yi sa'o'i 45 a mako. Dokar ƙwadago ta tarayya ta shekarar 1938 ta tanadi cewa duk abin da ya haura sa'o'i 40 a mako a biya shi ninki ɗaya da rabi ga yawancin ma'aikata, saboda haka dala 800 ce ta farko, sai dala 150 ta ƙarin lokaci, jimilla 950. Idan ya ga 900 a rubuce, an tauye masa dala 50, kuma shi ya gano da kansa.

Malam: Akwai wani tarko a nan. Takardar kan rubuta 7.50, mai koyo ya ɗauka sa'a bakwai da minti hamsin ne, alhali bakwai da rabi ake nufi. Wanda ya yi makaranta da Faransanci kuwa ya saba ganin waƙafi a wurin da Amurkawa ke sa ɗigo, sannan su Amurkawa wata suke fara rubutawa kafin rana, ta yadda 03/04 ke nufin 4 ga Maris.

Hajiya: Haka ne. Sai an gama da wannan ake shiga abubuwan da ake yankewa, inda yawanci ran mutane ke ɓaci. Kashi 6.2 cikin ɗari na tafiya asusun fanshon gwamnati, wanda kan fito da haruffa OASDI, wato dala 58.90 a misalinmu, kashi 1.45 kuma na inshorar lafiyar tsofaffi ne, Medicare. Mazaunin birnin New York yana biyan harajin tarayya da na jiha da na birni.

Malam: Shin a ce kowa ya kawo tasa takardar aji?

Hajiya: A'a, albashi sirri ne, kuma magidanci ba zai so maƙwabcinsa ya ga abin da yake samu ba. Malami ya shirya ta gwaji, wanda ke son a duba masa tasa kuwa ya jira a tashi daga aji, su zauna su biyu.