Fai na Nama da Dankalin Jos Don Daren Kallo a Hunturu

Assalamu alaikum, barkanku da sanyi.

Hunturu ya kankama a Jos. Daga Disamba zuwa Janairu, rana na faɗuwa kowa zai nemi rigar sanyinsa, wani daren ma har ma'aunin zafi ya sauko ƙasa da digiri 12. A irin wannan dare ne ake taruwa a falo, a ja bargo, a kunna fim, na Kannywood ne ko na Indiya. Yau abin da za a ci a gaban talabijin za mu haɗa: fai na nama da dankali. Ba ƙananan mit fai ɗin da ake naɗewa ɗaya bayan ɗaya ba. Wannan babba ne guda ɗaya, a faranti mai zurfi mai faɗin santimita 25, wanda zai ƙosar da mutum shida.

Ku riƙe abu ɗaya tun yanzu, domin duk aikin a kansa ya rataya. Kwaɓi ya shiga wuta da sanyinsa, haɗin ciki shi ma da sanyinsa, obin kuwa ya riga ya ɗau zafi. A nan 'yan Jos kun yi sa'a, garin da kansa yana taya ku. Wanda ke Abuja kuwa sai ya dogara da firiji.

Da haɗin ciki za mu fara, tunda shi ke buƙatar lokacin hucewa. Niƙaƙƙen naman sa rabin kilo, mai ɗan kitse kaɗan, don zallar tsoka bushewa take yi. Dankalin Turawa matsakaita uku, wajen giram 350. Karas biyu, albasa babba ɗaya, tafarnuwa ƙwaya uku, ɗanyar citta ɗan yanki, attarugu ɗaya ko biyu gwargwadon bakin yaran gida. Idan kun leƙa kasuwar Farin Gada, ku zaɓi dankali mai tauri a hannu, irin wanda ake saukowa da shi daga Bokkos da Mangu. Wanda fatarsa ta yi kore ko ya fara tsiro ku bar shi a wurin, ɗaci gare shi, kuma koren nan yana ɗauke da guba.

A yanka dankali da karas ƙanana, kowane gutsure bai wuce santimita ɗaya ba. A ɗora tukunya, mai cokali biyu, albasa ta fara shiga har ta yi laushi. Sai nama. Ku saurari wannan ƙarar suyar, ita ake nema. Kada a juya shi nan take, a bar shi minti biyu ko uku ƙasansa ya yi ja, sannan a farfasa shi da ludayi. In aka rage wuta ko tukunyar ta yi masa kaɗan, naman zai saki ruwa ya dahu ya yi fari, ƙamshin suya kuwa ba za a same shi ba. Bayan ya soyu a zuba tafarnuwa, citta, attarugu, kori ƙaramin cokali ɗaya, tayim rabin cokali, dunƙulen Maggi biyu da gishiri. Dankali da karas su biyo baya, da ruwa ko romon nama kofi ɗaya da rabi. A rufe.

Jos tana kan tudu, kusan mita 1,200 sama da teku, saboda haka ruwa yana tafasa a wajen digiri 96 maimakon 100. Shi ya sa dankali kan ɗan ƙara jinkiri a tukunya. Ku ba shi minti goma zuwa sha biyu, ku soka cokali mai yatsu. Ya shiga amma dankalin bai farfashe ba, to ya isa, zai ƙarasa a obin.

Yanzu kauri. A dama fulawa babban cokali biyu da ruwan sanyi rabin kofi har gudaji su ɓace, a zuba a tukunya ana juyawa, a bar shi ya tafasa minti biyu don warin ɗanyar fulawa ya fita. Ku dubi nan: an ja ludayi a gindin tukunya, hanyar ta tsaya ana ganin ƙarfe kafin romon ya rufe ta a hankali. Haka ake so. In ya fi haka ruwa, zai jiƙa gindin fai ya zama ɗanyen kwaɓi. In kuma aka ƙafe shi ƙurmus, kowace loma sai an kora da shayi. A ɗanɗana gishiri a nan, bayan an rufe fai babu gyara. Mai son koren wake ko fis ya zuba rabin kofi bayan an sauke. A juye a faffaɗan tire, a baza, a ajiye kusa da taga a rufe da rariya saboda ƙurar hunturu. Rabin awa ya wadatar.

Kwaɓi kuma. Fulawa giram 400, wato kofi uku da ɗan ɗori. Bota giram 200, mai tauri wadda ake yankawa da wuƙa. Ta roba mai laushi da ake shafa wa burodi ruwa ya yi mata yawa, kwaɓin zai yi danƙo. Gishiri rabin ƙaramin cokali, bekin fauda rabin cokali shi ma, ruwa mai sanyi sosai babban cokali bakwai zuwa takwas.

A yayyanka botar ƙanana a cikin fulawa, a murtsuke da kan yatsu kawai. Tafin hannu zafi gare shi, botar shanu kuma tana narkewa tun kafin ta kai zafin jikin mutum. Ana murtsukawa ana ɗaga fulawar sama tana zubowa, har ta yi washar-washar kamar dambu, da 'yan gutsattsarin bota nan da can. Kada ku bi su ku murƙushe. Su ne za su narke a wuta, ruwan da ke cikinsu ya zama tururi ya ɗaga kwaɓin, ɓawon ya fito yana ɓarɓashi a baki.

Ruwa cokali-cokali ake zuba shi. Iskar hunturu tana busar da komai har da fulawa, don haka kada ku yi mamaki in ta nemi ƙarin cokali ɗaya a kan abin da ta saba sha da damina. A dunƙula kaɗan a hannu. Ya haɗe bai wargaje ba, a tsaya. Kuma don Allah kada a yi masa kirɓin kwaɓin burodi. Yawan murza yana tayar da danƙon da ke cikin alkama, fai ya fito da tauri, ya kuma tsuke a faranti. A tattara shi kawai, a raba biyu, ɗaya ya ɗan fi girma, a naɗe kowanne a leda ya huta rabin awa. Kwaɓin da aka bari a buɗe cikin wannan iska zai yi ɓawo, gefensa ya tsattsage wajen murzawa.

A kunna obin tun yanzu, digiri 200, a sa tiren ƙarfe a ƙasa-ƙasa ya yi zafi tare da shi. A barbaɗa fulawa a tebur, a murza babban kason daga tsakiya zuwa waje ana jujjuya shi, har kaurinsa ya koma kusan milimita huɗu. In babu abin murzawa, kwalba mai santsi ta isa. A shimfiɗa a faranti ba tare da an ja shi ba, a bar gefe ya ɗan zubo waje. A taɓa haɗin nama da bayan yatsa. Da sauran ɗumi? A ƙara jira. Haɗi mai zafi zai narkar da botar tun kafin wuta ta kama kwaɓin, kuma wannan shi ne babban abin da ke sa gindin fai ya yi laɓo-laɓo.

A zuba haɗi, a shafa ruwan ƙwai a bakin kwaɓi, a murza ƙaramin kason a ɗora shi ya zama murfi, a danne gefe da cokali mai yatsu, a yanke abin da ya yi saura. A tsaga sama da wuƙa wuri huɗu. Ta nan tururi zai fita, in babu su zai nemi hanya ta gefe ya fasa ɗinkin, romo ya tsiyaye ya ƙone. A shafe sama da ƙwai ɗaya da aka kaɗa da madara cokali ɗaya.

Farantin ya hau kan zazzafan tiren nan. Minti ashirin a digiri 200, sannan a rage zuwa 180 a ƙara wasu ashirin zuwa ashirin da biyar. Alamar nuna biyu ce: sama ya yi ja mai sheƙi, romo kuma yana ɓulɓulowa ta tsagar wuƙa. In gefe ya fara baƙi tsakiya ba ta yi ba, a lulluɓe gefen da takardar foyil.

Wanda ba shi da obin, ko aka ɗauke wuta, ga tukunya. A zuba yashi mai tsabta a babbar tukunya, zurfin yatsa biyu, a rufe a ɗora a wuta minti goma sha biyar. A jera gwangwanaye uku marasa komai a kan yashin, faranti ya zauna a kansu, a rufe, a zuba garwashi kaɗan a kan murfi don sama ya yi ja. Zai ɗauki kusan awa ɗaya, kuma a rage yawan leƙe, kowace buɗewa zafi ke gudu. A nan muna roƙonku da babbar murya: gawayi a tsakar gida yake zama. Kada sanyi ya sa a shigo da murhu ɗaki a rufe ƙofa da taga. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, ba a ganinta, kuma tana kashe mutane cikin barci.

Da ya fito, a ba shi minti goma sha biyar kafin wuƙa ta taɓa shi, romon ya kama jikinsa, yanka ya tsaya a faranti. In kun ɗora nama bayan la'asar, kun sa fai a wuta bayan magariba, to yana hutawa kuna sallar isha'i, kuna idarwa sai a kawo shi falo da shayi mai citta da kanumfari. Abin da ya rage kada ya wuce awa biyu a waje, a rufe a sa firiji, gobe a ɗumama a obin ko a busasshen kasko da ƙaramar wuta har tsakiyarsa ta yi zafi sosai.