Darasin Harshe: Kalmar "Hanji" da Yadda Ake Amfani da Ita

Assalamu alaikum, masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filin darasin harshe. Kalmarmu ta yau ita ce "hanji", wadda kowa ya san ta, amma sau da yawa akan haɗa ta da "ciki" da "tumbi" kamar dukansu abu ɗaya suke nufi, alhali kuwa kowace da muhallinta.

Ciki shi ne gaba ɗayan wurin da ke tsakanin ƙirji da mara, tare da duk abin da ya ƙunsa. Tumbi kuwa jaka ce da abinci yake fara sauka a cikinta bayan an haɗiye shi. Daga tumbi ne hanji yake farawa, wato doguwar hanyar nan mai lanƙwashe-lanƙwashe da abinci yake bi har jiki ya tsotse abin da zai amfane shi, ya fitar da saura. Likitoci sun kasa shi gida biyu. Ƙaramin hanji, wanda tsawonsa a jikin babban mutum yakan kai kimanin mita 6, shi ne yake tsotse mafi yawan amfanin abinci, babban hanji kuma, mai tsawon kimanin mita 1.5, aikinsa tsotse ruwa daga abin da ya rage. Ku lura cewa ƙaramin ya fi babban tsawo nesa ba kusa ba, domin kauri aka duba wajen raɗa musu suna, ba tsawo ba.

Ta fuskar nahawu, kalmar namiji ce. Shi ya sa muke cewa "hanjin rago" da "hanjinsa ya murɗe", saɓanin maƙwabciyarta hanta, wadda take mace, ake cewa "hantar rago".

Mahauta sun fi kowa kiyaye wannan bambanci. Idan kuka ce a ba ku kayan ciki, za a haɗo muku hanji da tumbi da hanta da huhu, irin wanda ake farfesu da shi, amma idan hanji kuka ambata, hanjin kawai za a yanko muku. A asibiti ma haka ya kamata a yi, domin "ciwon ciki" magana ce mai faɗi ƙwarai, wadda ta haɗa da gyambon ciki da kumburi da gudawa. Idan likita ya ce zazzaɓin taifot ya huda hanji, ko hanji ya toshe, to wuri takamaimai yake nufi, kuma galibi batu ne na tiyata cikin gaggawa.

Inda kalmar ta fi armashi, a ganina, shi ne inda ta bar jikin mutum da na dabba. Bahaushe yakan ari sunan hanji ya ba abu dogo siriri, musamman idan a cikin wani abu yake. Ɗan makaranta zai ce hanjin bironsa ya ƙare, yana nufin siririn bututun da tawada take ciki. Haka nan hanjin ligidi, alewar sukari mai danƙo da yara suke so, siffarsa ce ta jawo masa sunan.

Tsoro ma a hanji Bahaushe yake jin sa. Wanda ya ce "hanjin cikina ya kaɗa" ba rashin lafiya yake ba da labari ba, firgita ya yi matuƙa, kuma wasu sukan ce "hantar cikina ta kaɗa" da ma'ana ɗaya. Wannan salo ya dace da hira da ƙagaggen labari, amma bai dace da rahoton likita ba.

Akwai kuma karin maganar da ke cewa "hanjin jimina, akwai na ci, akwai na zubarwa". Ana kawo ta idan ana batun abin da ya haɗa amfani da illa, kamar wayar salula a hannun ɗalibi ko maganar wanda ba a gama amincewa da shi ba, don a nuna cewa sai an tsaya an tantance kafin a ɗauka. Ba a faɗinta a kan abin da duk mugu ne, ko wanda duk alheri ne, domin a nan babu abin zaɓa.