Rage cin wuta a sakatariyar ƙaramar hukuma: ta ina za a fara?

Masu kallonmu, Najeriya tana da ƙananan hukumomi 774, kuma kowace ɗaya tana da sakatariya, da ɗakin taro, da asibitocin sha-ka-tafi, da makarantun firamare waɗanda kula da su ya rataya a wuyanta. Da dama daga cikin waɗannan gine-gine da janareta suke rayuwa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A, wato masu samun wuta na sa'o'i mafi yawa a rana, zuwa naira 225 a kan kowane yunit a watan Afrilun 2024, batun makamashi ya zama abin da ke cinye kuɗin da ya kamata a ce magani da alli aka saya da su. Ga kuma hayaƙi, domin kowace litar man gas da inji ya ƙona tana sakin kimanin kilo 2.7 na iskar kabon, wadda ita ce kan gaba wajen ɗumama duniya.

Da zarar an ta da wannan magana, abin da ke fara zuwa bakin kowa shi ne a sa sola. A ganinmu sola ce ya kamata ta zo daga ƙarshe, saboda kafa ta a ginin da ke ɓarnar wuta kamar ɗura ruwa ne a randa mai tsaga.

Matakin farko shi ne awo. A sa mita mai kati a kowane gini a daina biyan kuɗin ƙiyasi, sannan a ajiye littafi kusa da janareta inda za a riƙa rubuta lokacin da aka tayar da shi, da lokacin da aka kashe, da yawan man da aka zuba. Wannan littafi kaɗai yakan nuna cewa ana tayar da ƙaton inji saboda ofis biyu kacal, alhali janareta yakan sha mai sosai ko da nauyin da ke kansa kaɗan ne.

Daga nan sai a ɗaga kai a dubi rufi, domin a nan babbar matsalar take. Ku ɗauki misalin wani ofis da ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu. Kwanon rufi ya gasu, silin ya ɓule a kusurwa, tagar gilashi tana fuskantar yamma babu rumfa, an bar ƙofa a buɗe, na'urar sanyaya ɗaki kuma an saita ta a maki 16 tana ta gurnani ba hutawa. Irin wannan na'ura guda ɗaya tana jan wutar da ta kai ta ƙwan fitilar LED wajen ɗari, don haka sauya ƙwai, duk da amfaninsa, ƙaramin abu ne idan ba a taɓa zafin da ke shigowa ta sama ba. Shafa wa rufi farin fenti, da shimfiɗa abin tare zafi tsakanin kwano da silin, da yi wa tagogi rumfa, da dasa darbejiya ta gefen yamma, duk suna rage aikin da na'urar za ta yi. Idan aka mayar da ita maki 24, aka haɗa da fanka, aka riƙa wanke matatarta daga ƙura, ma'aikaci zai yi aikinsa cikin sanyi ba tare da an ƙona rabin kasafin ofis ba. Ƙa'idar gini mai tattalin makamashi da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017 ma abin da ta jaddada ke nan: a taƙaita faɗin tagogi ko a yi musu inuwa, a kare rufi daga zafi, a sayi na'urorin sanyaya ɗaki masu inbata, wato masu rage jan wuta idan ɗaki ya yi sanyi. Magina na da sun san wannan hikima, kuma duk wanda ya shiga soron Gidan Makama a Kano da tsakar rana ya ji abin da kaurin bangon ƙasa ke yi.

Bayan an rage buƙata, sai sola ta shigo da sauƙin kuɗi, musamman da yake aikin ofis da rana ake yin sa, lokacin da faifan sola ke samar da wuta, don haka ba a buƙatar batura masu yawa sai a asibiti, inda firijin rigakafi da ɗakin haihuwa ba sa jiran gari ya waye. Sai dai dole ne a ware kuɗin gyara tun a kasafi, a kuma ɗora wa ma'aikaci guda alhakin goge ƙurar hunturu daga faifan da kai rahoton man da aka sha ga majalisar kansiloli a ƙarshen kowane wata.