Alhamis a kicin ɗin Kaka, garin Västerås na ƙasar Suwidin

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Yau ina kicin ɗin maƙwabciyata, wata tsohuwa 'yar Suwidin da nake kira Kaka. Ku leƙa tukunyar nan. Miyar busasshen wake ce, irin rawaya, sunanta ärtsoppa. Da naman alade suka saba yinta, amma saboda ni ta cire shi. Bayanta akwai fanke mai faɗi da jam. Tun zamanin da ƙasar ke bin ɗarikar Katolika ake cin wannan ranar Alhamis, a cika ciki kafin azumin Juma'a, kuma har gobe sojojinsu na ci.

Kaka ta ce lokacin da take yarinya kusan kullum dankali ne da kifi mai gishiri. Sai burodin nan busasshe mai rami a tsakiya, wanda mutanen dā ke zura wa sanda su rataye a saman ɗaki ya yi watanni. A duk Suwidin, a garin nan aka fara sayar da piza a 1947, saboda Italiyawan da suka zo aiki masana'antar ASEA. Jikokinta kuwa, tun shekarun 1990 daren Juma'a na tako ne, abincin Meziko, a gaban talabijin. Mata sun fita aiki, yara na cin abincin rana kyauta a makaranta, maza sun shiga kicin, kuma wallahi wannan na ƙarshe ya burge ni.

Abin da ke taɓa mini zuciya shi ne cin abinci kai kaɗai. Kusan gida huɗu cikin goma a nan mutum ɗaya ne a ciki. Kun tuna surutun da aka yi a intanet a 2022, cewa yaro zai je gidan abokinsa a bar shi a ɗaki su ci abincinsu? Na tambayi Kaka. Ta ce an yi, wai don kada a ɓata wa uwar yaron girkinta, kuma ba sa son bashin alheri. Na fahimta, amma ni da na taso ana cewa bismillah ko almajiri ne ya leƙo, abin ya ƙi zauna mini.

Tun rasuwar mijinta, ta ce, ba ta ɗora wannan tukunyar ba, don ba miyar mutum ɗaya ba ce. Mako mai zuwa ni zan kawo tuwo da miyar kuka. Bari in ajiye wayar, ta zuba.