Ina Aka Ɓoye Yaran? Labarin Gidan Veseli a Albaniya

Tun da aka fara yawo da labarin cewa Musulmin Albaniya sun ɓoye Yahudawa a Yaƙin Duniya na Biyu, tambaya ɗaya ke ta dawowa: wai a wane rami aka zuba su? Ku ɗan dakata, nan ne ake kuskure.

Tarihin a gurguje. Italiya ta mamaye Albaniya a 1939. A Satumbar 1943 ta miƙa wuya, sojojin Jamus suka shigo. Mu je Tirana, babban birnin ƙasar. A wani shagon ɗaukar hoto akwai Moshe Mandil, Bayahuden da ya gudo daga Yugoslabiya da iyalinsa, akwai kuma yaron shago, Refik Veseli, ko shekara ashirin bai kai ba. Da abu ya yi zafi, Refik ya nemi izinin iyayensa, Vesel da Fatima, suka ce a kawo su. Aka sa musu kayan gari, aka bi hanyar duwatsu zuwa Kruja, garin su Refik.

Ku ƙiyasta garin da kyau. Gida na jingine da gida.

To ga inda nake so mu tsaya. Babba, ka ce masa ya shiga ɗaki ya yi shiru har dare, zai yi. Haka manyan suka yi, da rana suna cikin wani ɗan ɗaki a saman garken dabbobi. Yaro fa? Duk mai 'ya'ya ya san ko minti biyar ka ce "kar ka motsa", a lokacin ne zai ji fitsari. Zai yi tari, zai yi kuka, zai leƙa taga. Saboda haka 'ya'yan Mandil, Gavra da ƙanwarsa Irena, ba a kulle su ba. An sake su cikin yaran gida, suna wasa a fili kamar 'yan gari.

Yanzu ku yi lissafi. A garin da kowa ya san kowa, maƙwabciya ta san 'ya'ya nawa Fatima ta haifa. Ta ga tukunya ta ƙara girma, ta ga shanya ta yi yawa, don iyali biyu gidan ya karɓa. Baki ɗaya ya isa ya tona asiri. A ganina shirun maƙwabta ya fi ɗakin nan aiki, amma shiru ba ya fitowa a hoto, shi ya sa ake mantawa da shi.

Albaniyawa suna da kalma, besa: alkawarin da ba a karyawa. Wanda ya shigo gidanka ya zama amana.

Kafin yaƙi Yahudawan ƙasar kusan 200 ne, da aka gama sun kusa 2,000. Kar dai mu zaƙe. A Pristina da ke Kosovo, a Mayun 1944, rundunar SS Skanderbeg ta Albaniyawa masu yi wa 'yan Nazi aiki ta kama Yahudawa 281 ta miƙa wa Jamusawa.

Bayan yaƙi Refik ya bi Mandil zuwa Novi Sad a Yugoslabiya ta lokacin, ya zauna a gidansu ya ƙarasa koyon hoto. A 1987 Yad Vashem, cibiyar tunawa da kisan kiyashin Yahudawa da ke Isra'ila, ta karrama gidan Veseli da lambar waɗanda suka ceci Yahudawa, su ne Albaniyawa na farko da ta ba wannan lambar.