Darasi: yadda za ka zaɓi kitsattsen zare don jifan ƙaramin jig

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau maganar zare za mu yi, zaren fatsa, amma ba na nailan ɗin nan da muka taso muka gani ba, wannan kitsattsen nake nufi da ake naɗawa a injin sanda, wanda a jikin kwalinsa za ka ga an rubuta PE ko X4 ko X8. Kuma ba don kowane irin kamu ba, don mai jifan ƙaramin jig ne, wato ƙugiyar nan mai kan dalma da ake soka mata kifin roba ko a ɗaura mata gashi, daga giram 3 zuwa giram 14, in ya yi nauyi sosai a ce giram 20. Ga su nan a tafin hannuna, kun ga ƙanƙantarsu ai.

To abin da nake so ku riƙe tun yanzu, in za ka sayi zare don irin wannan jig ɗin, kauri za ka fara dubawa, ba ƙarfi ba. Mutanenmu da yawa in sun shiga shago ko sun buɗe waya za su yi oda, idonsu na kan lambar nan ta LB, wato laba, sai mutum ya ce a ba shi mai laba 50 ko 60 saboda yana tsoron kada babban kifi ya tsinke masa, ya je bakin dam ya ɗaura jig mai giram 7 ya yi jifa iya ƙarfinsa, abu ya faɗo nan gabansa, sai ya ce sandar ce ba ta da kyau ko injin ne jabu. Wallahi sau da yawa ba sanda ba ce, zaren ne ya fi ƙarfin jig ɗin. Ka tuna jig ɗin nan shi ke jan zaren daga kan kwarkwaro, shi zai ratsa da shi ta cikin zobban sanda, shi zai keta iska da shi, in ya faɗa ruwa kuma shi zai nutse da shi. Giram 7 ne fa ke wannan aikin duka, in ka ɗora masa zare mai kauri ina zai kai shi?

Bari in ɗan faɗi da me ake yin sa, don shi zai sa ku gane sauran maganar. Wani irin roba ne mai suna foliyetilin, shi ne PE ɗin da kuke gani, ana jan sa ya zama siraran silili waɗanda ba su kai gashin kai kauri ba, sannan inji ya kitsa su. Sunayen da aka fi sani su ne Dyneema da ya fito daga ƙasar Holan da Spectra na Amurka, kuma a farkon shekarun 1990 ne irin wannan zaren ya fara bazuwa a hannun masu fatsa. Halinsa shi ne kusan ba ya miƙewa ko kaɗan, alhali nailan in ka ja shi yana iya ƙara kashi 20 cikin 100 na tsawonsa ko ma fiye kafin ya tsinke. Wannan rashin miƙewar shi ne duk daɗin abin ga mai jig, domin jig ɗinka yana can mita 30 amma da ya taɓa ƙasa za ka ji a hannunka, in yashi ne ka sani, in dutse ne ka ji ƙwas, in kifi ne ya ɗan tsotsa ya saki shi ma ka ji. Sannan bai kai ruwa nauyi ba, yana tasowa sama, wannan ma dalili ne da ya sa mai kauri ke hana ƙaramin jig sauka da wuri, musamman inda ruwa ke gudu.

Yanzu lambobin. Lambar PE daga Japan ta fito, kuma kauri take nunawa ba ƙarfi ba. PE 1 kusan milimita 0.165 ne, PE 0.8 wajen 0.148, PE 0.6 wajen 0.128, PE 1.5 kuma ya ɗan haura 0.20. To ni a ganina, jig daga giram 3 zuwa 7 ka nemi PE 0.6 ko 0.8. Daga giram 7 zuwa 14, wanda shi ne yawancinmu ke jefawa, PE 0.8 zuwa 1. In kana kaiwa giram 20 ko wurin da kake zuwa akwai itatuwa a cikin ruwa sai ka hau 1.2, iyaka 1.5. In mutum ya ce min shi zare ɗaya kawai zai iya saya, aljihu ba nauyi, PE 1 zan ce ya ɗauka, ya rufe ido.

Na san wani zai ce haba malam, wannan ɗan siririn abu? To ka duba, PE 1 mai kyau ɗan Japan ana rubuta masa wajen laba 16 zuwa 20, laba 20 kuwa kilo 9 kenan. Nailan da zai ba ka wannan ƙarfin kaurinsa ya kai wajen milimita 0.40, ya ninka wannan fiye da sau biyu. Kuma kai da sandarka mai laushi da ƙaramin inji mai lamba 2500 ko 3000 ba za ka taɓa ɗora wa kifi kilo 9 ba ai, birkin injin ma ana saita shi ne a kan kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin uku na ƙarfin zaren, in kifi ya fizga birki ya sakar masa, ya gudu ya gaji ka jawo shi. Kifi a cikin ruwa ba ɗaga shi kake yi ba, gajiyar da shi kake yi.

Akwai wani wuri da ke rikita mutane, ku saurara da kyau. Laba 20 na wannan kamfani ba shi ne laba 20 na wancan ba. Zaren da aka yi don kasuwar Amurka, irin su PowerPro, mai laba 20 ɗinsu kaurinsa wajen milimita 0.23 ne, mai laba 10 shi ne wajen 0.15, domin su sukan rubuta lambar da ke ƙasa da ainihin inda zaren ke tsinkewa. Su kuma na Japan irin su YGK sukan rubuta iyakar ƙarfin ne. Saboda haka in ɗan Amurka ne a hannunka, laba 10 zuwa 15 shi ne daidai da abin da nake ta faɗi, kar ka ɗauki mai 20 ka zaci PE 1 ka saya. Kuma kasuwa akwai jabu da yawa, kwali mai kyau an buga sunan babban kamfani, an rubuta 0.14 amma in ka warware sai ka ga ya yi kusan biyun haka, ga shi a baje kamar an take shi. Ka murza shi tsakanin yatsu, mai kyau za ka ji shi a mulmule, kitsonsa a matse. In ka ga yana buɗewa silili na rabuwa, ko launin na zuba a yatsunka tun bai ga ruwa ba, ajiye musu kayansu.

Sai maganar X4 da X8, wato silili huɗu aka kitsa ko takwas. Bari in matso da su kusa da kamara. Wannan mai huɗun in ka ja shi a kan farce za ka ji kaushi, kuma in yana wucewa cikin zobba yana ƙara, zzzz haka. Ya fi araha, kuma da yake kowane silinsa ya fi kauri ya ɗan fi jure gogayya, yana yanka ciyawa da kyau. Mai takwas kuwa sumul yake, ya fi zama a mulmule, ba ya ƙara sosai, ya fi nisan jifa. Don ƙaramin jig a buɗaɗɗen ruwa ni X8 nake so, domin kowace 'yar tirjiya a cikin zobe mita take cinye maka. Amma in ƙaramin rafi ne mai ciyawa da kainuwa inda ba nisa kake nema ba, X4 ya ishe ka, ka riƙe canjinka. Akwai masu 12 har da 16, tsada ce kawai ga irin aikinmu.

To ga rauninsa, kuma ba zan ɓoye muku ba, dutse. Zaren nan in yana a miƙe da kifi ya gogi kaifin dutse, tsit, ya tafi, ko da PE 2 ne. Wannan ne ya sa mutane ke gudu su sayi mai kauri, alhali maganin ba a nan yake ba, maganin lida ne, wato guntun zaren da za ka ƙulla a gaba tsakanin kitsattsen da jig. Fulorokabon, wani irin zare mai kama da nailan, shi ya fi, domin yana jure gogayya, yana nutsewa, kuma kifi ba ya saurin ganinsa a ruwa mai haske. In babu, nailan mai kyau ma ya yi. Tsawon mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Shi wannan lidan shi za ka riƙa canzawa gwargwadon wuri da kifi, babban zarenka yana nan yadda yake. In ƙananan kifi ne irin su kawara da karfasa, laba 8 zuwa 10. In wuri ne mai duwatsu irin Shiroro, ko gefen Kainji da Jebba inda ake sa ran giwan ruwa, ka hau laba 20 zuwa 30, domin giwan ruwa bakinsa da kaushi kuma murfin kunnensa na da kaifi, in ya yi tsalle ya girgiza kai yana iya datse siririn lida. In kuwa tsage ne a wurin to haƙoransa ba sa jin fulorokabon, sai ka ƙara 'yar waya kamar tsawon tafin hannu. Amma fa manyan giwan ruwa, waɗanda ke iya haura kilo 100, wannan wani kaya ne daban gaba ɗaya, ba da su muke a yau ba.

Ƙulli kuma, zaren nan santsi gare shi, ƙullin da ka saba yi wa nailan zamewa zai yi. Wanda ya fi dacewa tsakaninsa da lida shi ne FG, siriri ne yana wucewa cikin zobba ba tare da ya maƙale ba, ana naɗa shi wajen sau 20, yana son koyo, ka zauna a gida ka yi ta yi har hannunka ya saba, kar ka bari sai a bakin ruwa. Kafin ka iya shi ka yi ƙullin Uni guda biyu masu fuskantar juna, ɓangaren kitsattsen ka naɗa sau 8, ɓangaren lida sau 5. Ka jiƙa da yawu kafin ka ja, saboda robar nan ba ta son zafi, wajen digiri 145 take narkewa. Kuma don Allah in jig ya maƙale a ƙasa kar ka naɗa zaren a hannu ka ja, yanka yake yi har ya shiga nama, ka naɗa a guntun itace ka ja da shi.

Launi, ni mai haske nake so, rawaya ko ruwan lemo. Ba kifi nake yi wa ba, idona nake yi wa, tunda lida ne ke kusa da kifin. Yawancin cizon jig yana zuwa ne lokacin da yake sauka, ba za ka ji komai a hannu ba, sai dai ka ga zaren ya ɗan zabura ko ya tsaya alhali bai isa ƙasa ba, to nan take ka ɗaga sanda. Da koren zare mai duhu da magariba ba za ka ga wannan ba. Akwai kuma mai canza launi duk mita 10, yana da amfani in daga kwalekwale kake saukewa ƙasa kana son sanin zurfi.

Naɗi a inji. Mita 150 ya isa. Kar ka ɗaura shi kai tsaye a kan ƙarfen kwarkwaro, zai riƙa juyawa gaba ɗayansa ka zaci birki ne ya lalace, ka fara sa nailan a ƙasa ya zama shimfiɗa sannan ka ƙulla kitsattsen a kai. Ka naɗa shi da tauri, kana matse shi da jiƙaƙƙen tsumma, kuma ka tsaya saura milimita 2 ko 3 ya kai baki. Wannan gurbin da ka bari shi zai cece ka a lokacin hunturu, domin watan Disamba da Janairu in iskar nan ta taso a dam irin Tiga, jig mai giram 5 yana tafiya a hankali, zaren ya yi ciki kamar igiyar shanya, ka naɗa shi sako-sako, jifa na gaba sai ya fito a dunƙule ya cukurkuɗe. Mai kauri ma ya fi yin cikin nan tunda iska ta fi samun wurin kamawa. Abin yi, dab da jig zai taɓa ruwa ka sa yatsa ka tare zaren a bakin kwarkwaro, ka rufe wayar injin, wato lanƙwasasshen ƙarfen nan da ake buɗewa kafin jifa, da hannu ba da juya mariƙi ba, ka ɗan ja zaren ya miƙe sannan ka fara naɗi. Kuma ka yi jifan ƙasa-ƙasa, kar ka cilla sama. In ya riga ya cukurkuɗe kar ka ja da ƙarfi, ka sa tsinin ƙugiya ko allura ka sassauta a hankali, yawanci yana warwarewa.

Masu injin da ke zama a saman sanda, wanda kwarkwaronsa ke juyawa, ku kam siririn zare yana nutsewa cikin ɗan'uwansa ya cije, sai ku fara daga PE 1.5.

Bayan kowace fita ka shafa mita biyu ukun farko da yatsa, in ka ji ya yi gashi-gashi ka yanke ka sake ƙulli. In yana yawan yin haka a wuri ɗaya to zobba za ka bincika, ka zura auduga cikin kowane zobe ka juya, wanda ya kama audugar ya tsage, shi ke cin zaren. Kodewar launi kuma ba lalacewa ba ce, rini ne kawai ya fita. In gaban ya tsufa sai ka warware shi duka a kan wata gora, ka sake juya shi a kan wata, sannan ka mayar a inji yadda tsohon bakin zai koma ciki, wanda ke ƙasa bai taɓa ganin ruwa ba ya dawo gaba. A darasi na gaba zan kafa kamara a kan hannuna mu yi ƙullin FG tare a hankali, ku tanadi guntun zare da lida da almakashi mai kaifi, don reza da ta dakushe ba ta yanka shi. Sai mun haɗu, wassalamu alaikum.