Hawayen kififiyar teku: kuka take yi ko me?

Assalamu alaikum. Na san da yawanku kun ci karo da wannan hoton a waya: kififiyar teku, wadda wasu ke kira kunkurun teku, kwance cikin yashi da dare tana zuba ƙwai, ruwa na malala daga idanunta. Saƙonnin da kuka turo mini kusan iri ɗaya ne. Wasu sun ce zafin naƙuda ne, wasu sun ce ta san ba za ta taɓa ganin 'ya'yanta ba. Wata baiwar Allah ma cewa ta yi sai da ta share ƙwalla. Wannan tausayin ya burge ni ƙwarai. To amma ku biyo ni mu je ɗaya daga cikin wuraren da suka fi taruwa a duk Afirka.

Nan Bijagos ne, tsibirai 88 a gaɓar Gini Bisau, wajen 20 kawai mutane ke zaune a kai rani da damina. Ga kwale-kwale, ga gonakin shinkafa, ga maza a saman itatuwan kwakwar manja. Waɗancan matan da suka sunkuya cikin laka kuwa, ruwa ne ya janye, suna tonon abin miya kafin ya dawo. Can kudu akwai wani ɗan tsibiri, Poilao, bai kai rabin murabba'in kilomita ba. Da damina ta kankama, dubban kififiyu ke hawowa wannan yashin su yi ƙwai.

Ga wata nan ta fito. Ta haƙa rami da ƙafafunta na baya, ta fara zubawa. Ƙwai sukan haura 100 a rami guda.

Yanzu ku dubi idon da kyau, don a nan maganar take.

Ruwan teku, kowace lita ɗaya tana ɗauke da gishiri wajen giram 35. Ka ɗebi cokali shida na shayi ka zuba a lita guda, ka ɗanɗana, kusan abin da ake nufi ke nan. A cikin wannan ruwan take rayuwa, shi take haɗiya tare da ciyawar teku da take kiwo. Ɗan Adam in ya dinga shansa, ƙishirwa ce za ta kashe shi. Ita kuma kififiya ƙodarta ta fi tamu rauni a wannan fannin, ba ta iya fitar da fitsarin da ya fi jininta gishiri. To ina gishirin zai bi?

Sai Allah ya yi mata wasu ƙullutai biyu a bayan idanu. Aikinsu tace gishiri daga jini, su tura shi waje ta gefen ido. Ruwan da kuke gani yana da kauri, yana yauƙi, kuma gishirinsa yakan kai ninki biyu na ruwan tekun kansa. A wani jinsin nasu, mai baƙin baya kamar fata, ƙullutan nan sun fi ƙwaƙwalwarta girma. Duk lokacin da na tuna wannan sai na ce tsarki ya tabbata ga Allah.

Abin da ya ruɗi mutane shi ne, ana zaton hawayen ya fara ne da ta fara ƙwai. Ina! Jiya ma ta yi, shekaranjiya ma haka, tun tana 'yar ƙarama take yi. Namijin ma yana yi, shi da ba ya naƙuda. A cikin teku ruwa ke wanke shi nan take, babu mai gani. Sai ta hau tudu ya samu wurin zama a fuskarta, yashi ya manne, kyamara ta ɗauka. Yana ma taimaka mata wajen wanke yashin da ke faɗa mata a ido.

Sauran kuma da sauri. Ta rufe ramin, ta tafi. Bayan kamar wata biyu 'ya'yan su ƙyanƙyashe su ruga ruwa. Zafin yashi ne ke raba jinsi: ya haura digiri 29 na ma'aunin Celsius, mata sun fi yawa, ya yi ƙasa, maza.

Abin da ke damunta da gaske kuwa haske ne. Ka haska mata tocila ko fitilar waya kafin ta fara zubawa, sai ta juya ta koma teku da ƙwanta a ciki. Shi ya sa raina yake ɓaci in na ga masu ɗaukar hoton nan sun cusa mata fitila a ido, sannan su ɗora waƙar ban tausayi a kai.

A Poilao ba a cika samun wannan ba, kuma mutanen ƙauyukan tsibirin Kanyabak ne sila. Poilao nasu ne, a al'adarsu wuri ne mai alfarma. Ba a gina gida, ba a zubar da jini a kansa, ba kuma kowa ke taka shi ba. Tun kafin gwamnati ta mayar da yankin gandun kariya a 2000 suke riƙe da wannan doka, sai a 2025 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wani sashe na tsibiran cikin wuraren gadon duniya.

Ga ta nan ta isa bakin ruwa. Ku lura da fuskar. Igiya ɗaya ta share komai. Nan da kamar mako biyu za ta dawo ta sake wani ramin, in ta gama na bana kuma wasunsu har Muritaniya suke tafiya kiwo.